Ladi Kwali: Maginiyar da tsagarta ta kai randar Gbagyi gidajen tarihin duniya

Duk wanda ya taɓa karɓar canji a kasuwa ko ya biya kuɗin mota a ƙasar nan ya riƙe hoton Ladi Kwali a hannunsa, ko ya lura ko bai lura ba. Ita ce matar da ke bayan takardar Naira 20, wadda hoton marigayi Janar Murtala Muhammed yake gabanta, tun daga sauyin kuɗin da Babban Bankin Najeriya ya yi a shekarar 2007. An nuna ta tana tsakiyar aikin tukunya. Ba ta taɓa riƙe sarauta ko muƙamin gwamnati ba, ba ta kuma zauna a ajin boko ba, amma har yau ita kaɗai ce macen da aka san sunanta a cikin mutanen da aka ɗora a kan takardun Naira.

Akasarin masu ba da labarinta sukan tsaya ne a kan lambobin yabon da ta samu da ƙasashen da ta ziyarta. Waɗannan duk gaskiya ne, za a kuma zo kansu. Sai dai magina tukwane suna da yawa a zamaninta, daga Kwali zuwa Bida, daga Zariya zuwa Jos, kuma da yawansu gwanaye ne. Abin da ya fitar da ita daga cikinsu shi ne irin layin da take tsagawa a jikin randa, wanda mai kallo yakan ga ƙadangare a cikinsa, in ya ƙara dubawa kuma ya ga zayyana ce zalla, kamar ta wuyan babbar riga.

Daga Kwali

An haifi Ladi wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gbagyi, mutanen da Hausawa suka fi sani da Gwari. Garin yana kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, gaba da Gwagwalada, kuma a yau hedikwatar ɗaya ce daga ƙananan hukumomin Babban Birnin Tarayya. Sunan Ladi na Hausa ne, irin wanda ake sa wa 'yar da aka haifa ranar Lahadi, abin da ke nuna daɗewar cuɗanya tsakanin Gbagyi da Hausawa a wannan yanki.

A ƙasar Gbagyi ginin tukwane sana'ar mata ce. Yarinya takan tashi ta tarar da iyayenta mata suna yi, sai ta fara da ɗebo yumɓu da kwaɓa shi da tattaro ciyawar gashi, kafin a bar ta ta taɓa tukunya. Ladi ta koyi aikin ne a hannun wata 'yar'uwar iyayenta tun tana ƙarama.

Yadda suke ginin ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga nan komai ya taso. Babu na'urar juya yumɓu. Maginiya takan aza curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta dunƙule hannu ta buɗe tsakiyarsa, sannan ta riƙa jan bangon sama da yatsunta daga ciki. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke kewaya ta a sunkuye, tana tafiya tana ja. In yumɓun ya ƙare sai ta murza wani ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a baki, ta lailaye shi har ya haɗe da na ƙasa. Da haka randa take tashi, cikinta ya buɗe, kafaɗarta ta tsuke, wuyanta ya fito. Babu ma'auni sai ido da tafin hannu, amma in an gama, da wuya a ga inda wani gefe ya fi wani.

Bayan tukwane sun sha iska sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Gashin ba ya daɗewa, zafinsa kuma bai kai na tanderu ba. Wannan ne ya sa jikin tukunyar yake zama da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Duk wanda ya sha ruwan randa da tsakar rana a watan bazara ya san amfanin wannan hikima ba sai an yi masa bayani ba. Tukunyar girki ma haka take: tana jure harshen wuta kai-tsaye a kan murhu ba tare da ta tsage ba.

Ado kuwa ana yin sa ne kafin gashi, lokacin da yumɓun ya ɗan yi tauri amma bai bushe ba. Akwai murɗaɗɗiyar igiya ko guntun itace mai gaɓa-gaɓa da ake mirginawa a jikin tukunya, ya bar sawu a jere kamar saƙa. Akwai kuma siririn itace mai baki kamar wuƙa da ake tsaga layi da shi. Da waɗannan kaya biyu marasa tsada Ladi ta yi sunan da ya fara kaiwa kunnen masu mulki.

Randa a gidan Sarkin Abuja

Abujar da ake magana a nan ba babban birnin da muka sani yau ba ne. Tsohuwar Abuja ce, garin da yanzu ake kira Suleja a Jihar Neja. Zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa ta bayan da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, kuma ta samo sunanta daga Abu Ja, ɗan'uwan Sarki Muhammadu Makau. Da gwamnatin tarayya ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau.

Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Yana da idon gane aikin hannu. Randunan Ladi sun shiga gidansa, kuma ba don zuba ruwa kawai aka ajiye su ba, don kyansu ne. Wannan wuri yana da muhimmanci, saboda sau da yawa akan ba da labarin kamar Bature ne ya fara gano baiwar matar. Kafin wani Bature ya ga aikinta, mutanen yankinta suna saye, sarkin ƙasar kuma ya riga ya ɗaga darajarsa.

A can gidan Sarki ne wani maginin tukwane ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya ga randunan a shekarar 1950, lokacin da yake zagaya Najeriya domin rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka rahoto a kan sana'ar tukwane. Cardew ba baƙon Afirka ta Yamma ba ne. Ya yi shekaru a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, inda ya yi ta fama da tanderu da yumɓu a Vume, bakin kogin Volta. Kafin nan kuma almajirin Bernard Leach ne, mutumin da ake ɗauka a matsayin jagoran magina tukwanen hannu na Ingila a ƙarni na 20.

Gwamnati ta ɗauke shi aiki a matsayin jami'in tukwane, ya kuma zaɓi Abuja ya kafa Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a farkon shekarun 1950. Akwai ruwa, akwai itacen wuta, akwai yumɓu, ga kuma goyon bayan Sarki. Manufar gwamnati ta kasuwanci ce: a horar da samari su riƙa yin kwanuka da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli, irin waɗanda ma'aikata da 'yan kasuwar birane suka fara saye daga waje. Cardew da kansa yana ganin tukwanen gargajiya ba sa bukatar gyaran kowa, shi ya sa cibiyar ta fara da maza zalla, masu koyon sabuwar sana'a daga tushe.

A ƙarshen shekarar 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Tana da kimanin shekara talatin, ta kuma riga ta ƙware a aikinta. A nan ta koyi zama a gaban faifan da ake juyawa da ƙafa, ta koyi shafa ruwan da yake narkewa a wuta ya zama rufin gilashi, ta ga tanderun da ake ciyar da shi itace har zafinsa ya haura digiri 1,200. Ta yi kwanuka da akusa da kofuna kamar sauran ma'aikata. Amma ba ta bar randarta ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu, tana kewayawa kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun cibiyar, wanda in ya sha wuta yakan koma kamar dutse.

Abin da ke cikin tsagar

Jikin randa wuri ne mai wuyar zane. Takarda tana da kusurwa huɗu, tana da sama da ƙasa, mai zane ya san inda zai fara da inda zai tsaya. Randa kuwa kewayayya ce, ta kumbura a tsakiya ta tsuke a sama da ƙasa, kuma ba a taɓa ganin fiye da rabinta a kallo ɗaya. Abin da Ladi take fara yi shi ne raba wannan fili. Takan sauko da layuka daga wuya zuwa gindi, ta kewaya wasu a kafaɗa, sai jikin randar ya kasu ɗaki-ɗaki. Layukan da suka sauko suna buɗewa inda cikin randa ya buɗe, su matse inda ya matse, don haka tun kafin a sa wata dabba a ciki, ido ya riga ya fahimci girman randar da nauyinta.

A cikin waɗannan ɗakuna take zaunar da halittun da ta tashi tana gani a dajin Gbagyi da bakin rafukansa: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsaye. Ba ta zana su yadda mai ɗaukar hoto zai kama su. Ƙadangaren yakan fito a baje kamar an hango shi daga sama yana shan rana a jikin katanga, ƙafafu huɗu a ware, wutsiya ta bi lanƙwasar randar. Kifi da tsuntsu sukan fito ta gefe. Babu inuwa, babu tsoka, babu ƙoƙarin nuna nesa da kusa. Duk da haka yaro ƙarami ma zai nuna da yatsa ya ce ga kunama, domin abin da ya sa kunama ta zama kunama, wato ƙahonnin gaba da ƙarin da ya lanƙwaso, yana nan ba a taɓa shi ba. Ta zubar da duk abin da za a iya zubarwa, ta bar wanda in an cire shi dabbar ta ɓace.

Gwanintar ta fi bayyana a cikin jikin dabbar. Takan cike shi da gajerun layuka a jere, wasu a gicciye, wasu kamar ƙashin kifi, wasu ɗigo-ɗigo. A jikin kada waɗannan layuka ɓawo ne, a jikin tsuntsu gashi ne. Amma irinsu ɗin ne dai take cike layukan iyaka da su, inda ba su wakiltar komai sai ado. Saboda haka dabbar da bangon ɗakinta da zare ɗaya aka saƙa su. Mai kallo da ya tsaya nesa yakan ga zayyana ta lulluɓe randa. In ya matso sai ƙadangare ya fito daga cikin zayyanar, in ya ƙara matsowa ƙadangaren ya sake narkewa ya koma layuka. A wasu randunan dabbar takan miƙe ta yi tsawo har sai an yi gardama ko kada ce ko ƙadangare, ko kuwa siffa ce kawai da ta ari ƙafafu.

Bahaushe ba baƙon irin wannan tunani ba ne. Aska takwas da ke gaban babbar riga sunanta aska, amma babu wanzamin da zai yi aski da irinta; siffar ce aka taƙaita har ta zama ado. Dagin da ake yi a bangon zaure da sassaƙar da ake yi wa ƙwarya duk hanyarsu ɗaya. Magina gidajen Zariya ma sun sa keke da agogo da jirgin sama a cikin adon bango, suka daidaita su da sauran zayyanar. Bambancin Ladi shi ne ta fi su kusantar abu mai rai. Dabbobinta suna da motsi, kamar an tsayar da su ne na ɗan lokaci kafin su zarce.

Sai a tuna kuma cewa duk wannan da hannu ɗaya ake yi, ba tare da an fara zana shi a takarda ba. Yumɓu mai ɗanshi yana karɓar tsaga sau ɗaya ne. In hannu ya karkace, gyaran yakan bar tabo. Layin Ladi ba ya rawa, ba ya kuma da taurin layin da aka ja da abin awo. Wanda ya kalli randunanta da yawa zai lura ba a samun biyu iri ɗaya, ko da dabbobin da ke jikinsu ɗaya ne.

Sabon yumɓu da sabuwar wuta sun zo da matsala. Rufin gilashi yana cike rami, yana iya shafe siririyar tsaga gaba ɗaya. Dabarar da aka bi a cibiyar ita ce a cusa farar ƙasa a cikin tsagar, a goge abin da ya yi saura a sama, sannan a rufe randar da ruwan gilashi mai barin a ga abin da ke ƙarƙashinsa. In ta fito daga tanderu sai layin ya bayyana da haske a kan jiki mai duhu, kore-kore ko ruwan ƙasa. A randar Kwali inuwa ce ke nuna tsaga, sai rana ta faɗo a kanta ta gefe ake ganinta sosai. A randar Abuja launi ne ke nuna ta, ana ganinta ko a cikin ɗaki. Layin bai sauya ba, amma ya ƙara fitowa fili.

A kan kwanuka da kofunan da ta yi a faifan juyi kuwa wata hanyar ta bi. Akan tsoma kwanon a cikin ruwan ƙasa mai launi, kafin ya bushe ta karce shi da tsinke, wani lokaci da ƙayar beguwa, har launin da ke ƙasa ya bayyana. A nan hannunta ya fi sakewa. Tsuntsu ɗaya ko kifi ɗaya yakan cika tsakiyar kwano da layuka ƙalilan. A gindin kayan akan ga hatimin cibiyar, sunan Abuja da rubutun ajami, tare da haruffan boko biyu na farkon sunanta, L da K.

Koyon bai tsaya ta gefe ɗaya ba. Cardew ya ɗauki siffar tukwanen Gbagyi ya ƙera wata tukunyar miya mai marfi da ya laƙaba wa sunan Gwari, ya kuma ci gaba da yin ta bayan ya koma Ingila.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Randar da aka gasa a tanderu aka rufe da gilashi ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da macen Gbagyi ba za ta aza ta a kafaɗa ta tafi rafi ba, ga tsadar da ta fi ƙarfin gidan manomi. Siffarta ta randa ce, amma aikin randa ya fita daga cikinta. Ta koma abin da ake ajiyewa a falo ko a bayan gilashin gidan tarihi.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Wasu na ganin mulkin mallaka ne ya raba sana'a da masu ita, ya mayar da kayan amfanin gida abin sha'awar baƙi. Akwai gaskiya a ciki, domin waɗanda suka fi sayen kayan cibiyar Turawa ne mazauna Najeriya da masu tara kayan fasaha a ƙetare, ba ma'aikatan gida da aka yi niyya tun farko ba. Kwanon tasa da na tangaran na kanti sun fi araha, daga baya kuma roba ta zo ta shafe kowa. Amma wanda ya tsaya a nan ya rage wa matar hakkinta. Randar gargajiya gajeren rai gare ta: ta yi shekarunta a tsakar gida, ta fashe, ta koma ƙasa tare da adonta da sunan wadda ta yi ta. Dubban gwanaye sun wuce haka. Randunan da Ladi ta yi a Abuja suna nan bayan shekara sittin da ɗoriya, tsagarsu kamar jiya aka yi. Ita kuma ba kayan aiki ba ce a hannun wani. Da aka ba ta faifan juyi ta iya shi, ta kuma zaɓi ta riƙe hanyar da ta gada a babban aikinta.

Landan da sauran duniya

Cibiyar Abuja ba ta taɓa zama masana'antar da gwamnati ta yi mafarki ba, kuma kuɗin da take ci ya fi wanda take kawowa. Abin da ya riƙe ta shi ne suna. A 1958 aka baje kayanta a gidan baje kolin Berkeley da ke Landan, aka sake a 1959 da 1962. Randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. Sunan da ta jawo ya sa cibiyar ta zama abin alfahari ga gwamnatin Jihar Arewa a daidai lokacin samun 'yancin kai, sa'ad da ƙasar ke neman abin da za ta nuna wa duniya ta ce nata ne.

A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta kuma shiga Faransa da Jamus, tana gina randa a gaban jama'a. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani abokin aikinsu ɗan Ghana, Kofi Athey. Ɗaliban fasaha da malamansu, waɗanda aka koya wa cewa ba a samun daidaitacciyar tukunya sai da na'ura, sukan zauna su kalli mace tana kewaya curin yumɓu har ya zama randa a gabansu, sannan ta ɗauki ɗan itace ta fito da kada a jikinta. Bambancin harshe bai hana kowa fahimta ba.

Wani abin lura shi ne, a shekarar da aka fara baje kayanta a Landan, wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, suka kafa ƙungiya suna neman a daina kwaikwayon Turai ido rufe, a haɗa dabarun zamani da fasahar gida. Okeke ya koma ga uli, zanen layi da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai. Abin da waɗannan matasa suke rubutawa suna muhawara a kansa, Ladi tana yin sa da hannu kowace rana a Abuja, ba tare da ta sa masa suna ba. Kwalejin nan ce ta zama ginshiƙin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977.

Sauran lambobin sun biyo baya a jere. Sarauniyar Ingila ta riga ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake ware wa waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, sai OON a 1981. An sa sunanta a wani titi a Abuja da kuma babban zauren taro na wani otal a birnin.

Waɗanda suka biyo sawunta

Shigarta cibiyar ya buɗe ƙofa ga wasu mata magina na yankin. Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa duk sun yi aiki a wurin, kowacce da irin hannunta, kuma kayansu ma suna hannun masu tara kayan fasaha. Cardew ya bar Abuja a 1965, wani ɗan ƙasarsu, Michael O'Brien, ya gaje shi, daga baya 'yan ƙasa suka karɓi ragamar. Ladi ta zauna ta ci gaba da aiki.

A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew, ta zauna a gaban Ladi da sauran matan ta koyi gini da hannu. A yau Odundo tana cikin manyan magina tukwane na duniya, kuma har yanzu da hannu take gina kayanta. A 2022 aka yi wani baje koli a Landan a kan aikin yumɓu na mata baƙar fata, aka fara shi da randunan Ladi, kamfanin Google kuma ya sa hotonta a shafinsa na farko a watan Maris na shekarar.

Cardew ya mutu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984. An sauya wa cibiyar Suleja suna zuwa nata, sai dai aikin wurin ya ja baya ƙwarai a shekarun da suka biyo, har 'yan jarida da masu kishin fasaha suka sha kiran a farfaɗo da shi. Randunanta kuwa suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na Smithsonian a Washinton, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales, waɗanda suka rage a hannun mutane kuma in sun fito kasuwar gwanjo a Turai da dubban fam ake sayensu. A Kwali da Ushafa da wasu garuruwan Gbagyi har yau akwai mata masu gina tukwane da hannu su gasa a fili, galibi na girki da na ruwa, suna kai su kasuwannin da ke gefen hanyar Abuja.